Shekara huɗu muna yawon asibiti, har yau ba a faɗa mana sunan ciwon 'yata ba

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe a wannan zaure ina karatu kawai, ban taɓa rubutu ba. Yau dai abin ya ci ƙarfina. Ku yi haƙuri da tsawon maganar.

'Yata shekararta shida da wata biyu. Lafiya lau na haife ta, a asibiti, ta yi kuka nan take. Ta zauna, ta yi rarrafe, ta tashi da ƙafarta tana da wata goma sha uku. Kafin ta cika shekara biyu tana kiran sunan kowa a gidan. Tana shekara biyu da rabi sai muka lura tana yawan faɗuwa, a fili, ba tare da ta yi tuntuɓe da komai ba. Daga nan jijjiga ta fara. Kalmomin da ta iya suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe da ta rage mata ita ce "ruwa", ita ma bara ta tafi. Yanzu ba ta tafiya, ba ta zama sai an tokare ta da filo, kunu ma sai na dama shi da kauri, in ba haka ba ta ƙware.

An ce sanƙarau ne ya taɓa ta, alhali ba ta taɓa yin sanƙarau ba. An ce farfaɗiya ce. Wani likitan ya rubuta CP a kati, wai raunin ƙwaƙwalwa ne tun haihuwa. Gwajin jini ban san adadinsa ba, hoton kai sau biyu, an manna mata wayoyi a ka sau ɗaya. Kowa ya ɗaga hoton sai ya ce akwai matsala, amma ba wanda ya ce ga sunanta. Keken ɗinkina da sarƙar aurena duk sun tafi a wannan hanya.

Abin da ke hana ni barci shi ne, ɗana na fari haka ya yi, tiryan-tiryan. Ya rasu yana shekara shida, ina da cikin ita wannan. Tsakaninsu akwai namiji ɗaya, lafiyarsa ƙalau, yana aji huɗu. Ni da babansu 'ya'yan wa da ƙani ne. A dangi an fara ce mini mai wabi, surukata kuma ta ce a daina zubar da kuɗi a asibiti tunda ba ciwon asibiti ba ne.

Don Allah akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan hali? Kuma in har ba magani, neman sunan ciwon yana da wani amfani, ko wahalar da yarinya kawai nake yi?

Hajiya Talatu:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yata, sannu. Na karanta da hawaye. Mahaifiyata 'ya'ya biyar ta binne kafin ni, shi ya sa har na yi aure Ayashe ake kira na a gida. A zamaninmu in abu ya maimaita haka ba a wani dogon bincike, an san iska ce ko jifa. Ni shawarata ki haɗa da ruƙiyya. Ciwon da likita ya duba ya duba bai gane ba, ai kin san ba nasa ba ne.

Abu Sumayya:
Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Hajiya, da girmamawa, ruƙiyya da addu'a babu musulmin da zai hana, ita uwar ma ta fi kowa dacewa ta riƙa tofa wa 'yarta Fatiha da Falaƙi da Nasi. Amma rashin ganewar likita ba hujja ba ce a kan cewa aljani ne. Hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta, a wata ruwayar aka ƙara da cewa wanda ya sani ya sani, wanda bai sani ba bai sani ba. Ashe ke nan akwai cutar da take cuta ce ta jiki, iliminta ne bai iso gare mu ba. Abin da nake roƙo kawai, kada a kai yarinyar nan wurin masu duka ko masu turara hayaƙi a rufe ɗaki. Yarinyar da ke ƙwarewa da kunu ba za ta iya da hayaƙi ba.

Garba mai walda:
Maman Ilham, bari in ba ki labarin ƙanena, ko zai ƙara miki ƙarfin gwiwa. Ba ina cewa ciwonsu ɗaya ba ne, ko kusa.

Yana shekara goma sha ɗaya ya yi shawara, idonsa ya yi ɗorawa, aka yi ta ba shi jiƙe-jiƙe har ta lafa. Muka manta. Yana aji uku na sakandare malaminsu ya kira ni ya nuna mini littafinsa, rubutun yaron da ake yabo ya koma kamar tafiyar kaza. Sai hannu ya fara rawa, yawu na zuba, magana ta harɗe, ga wata dariya da yake yi ba dalili, baki a buɗe. Kowa ya ce aljanu. Shekara uku muna wannan hanya. Har asibitin masu taɓin hankali muka kai shi, maganin da aka ba shi ya ƙara sandarar da shi.

Yadda Allah ya kawo mafita, wata likita ce ta tambaye ni ko ya taɓa ciwon hanta. Na ce shawara dai. Sai ta tura mu sashen ido. Na ce a raina mene ne haɗin ido da wannan. Likitan ido ya sa haɓarsa a kan wata na'ura mai fitila, bai yi minti biyu ba ya kira abokan aikinsa su zo su gani. Wani zobe ne ruwan ƙasa-ƙasa ya zagaye baƙin idon. Aka sa muka tara fitsarinsa na kwana ɗaya cur a jarka, aka ɗebi jini. Cutar Wilson sunanta. Jikinsa ba ya iya fitar da sinadarin jan ƙarfe da ke cikin abinci, sai ya taru a hanta da ƙwaƙwalwa. Aka ɗora shi a kan magani na har abada, aka hana shi cin hanta da cakulan. Samun maganin ma wani yaƙi ne, sai an yi odarsa. Yau shekara biyar ke nan, yana tafiya da ƙafarsa, yana tsare mini shago, maganar ce dai ba ta dawo daidai ba.

Ga inda sunan ya yi rana: likitar ta ce a gwada mu duka. Aka samu autarmu tana da shi, ba ta fara nuna komai ba. Tana shan magani, yanzu tana jami'a, ba wanda zai ce tana da wani ciwo. Da mun tsaya a kan aljanu, da ita ma mun zuba ido.

Hajiya Talatu:
Ikon Allah. A ido kuma? To ni dai ban ce a bar asibiti ba, cewa na yi a haɗa.

Dakta Maryama:
Assalamu alaikum. Ni likitar yara ce. Maman Ilham, ba zan faɗi sunan ciwo ta waya ba, duk wanda ya yi miki haka bai kyauta miki ba. Amma akwai abubuwa a labarinki da ya kamata ki riƙe da kyau.

CP rauni ne da ke samun ƙwaƙwalwa sau ɗaya, a ciki ko wajen haihuwa ko jim kaɗan bayanta, kuma raunin ba ya ci gaba da yaɗuwa. Yaron da ya yi tafiya, ya yi magana, sannan ya riƙa rasa su a hankali, wannan wani babi ne daban. Farfaɗiya kuma a nan alama ce, kamar yadda zazzaɓi yake alama, tambayar ita ce me ke kawo ta. In aka haɗa da cewa yayanta ya yi irin wannan, kuma ku iyayen 'yan'uwa ne, duk likitan da ya ji labarin a jere zai fara tunanin ciwon gado. Matsalar ita ce da wuya a bari ki ba da shi a jere. Layi ya yi tsawo, likita ɗaya yara sittin, yau ki ga wannan gobe ki ga wancan, kowa ya fara daga farko. Mu ma abin yana damun mu.

Saboda haka ki sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Ki rubuta watan da ta fara kowane abu da watan da ta daina. Ki yi wa marigayin shafinsa shi ma. Ki zauna da tsofaffin gidanku ki tambayi yaran da suka rasu da ƙuruciya a dangi, da me suka rasu, 'ya'yan wa da wa ne. Duk sakamakon gwaji ki yi masa kwafi, hoton kai ki nemi faifan ba takardar bayani kaɗai ba. In jijjiga ta zo, wani ya ɗauki bidiyo da waya, minti ɗaya na bidiyo ya fi mana bayanin awa guda. Sannan ki nemi a tura ki asibitin koyarwa, wurin likitan ƙwaƙwalwa na yara, ki tsaya a kan mutum ɗaya. Ki roƙa a duba mata bayan ido, kamar yadda Malam Garba ya faɗa, ido taga ce.

Dalilin da ya sa muke nacewa a nemi suna: a cikin irin waɗannan cututtuka akwai 'yan kaɗan da maganinsu ba shi da tsada ko kaɗan. Akwai jijjigar jarirai da ba ta jin komai sai bitamin B6. Akwai wadda ke zuwa da zubar gashi da ƙuraje, biotin ke tsayar da ita. Ban ce ki je ki saya ba, don Allah kada ki yi, likita ne zai tantance. Amma su muke fara cirewa kafin mu ce babu magani. Kuma ko da babu, gaskiya mafi yawansu babu, sunan yana gaya mana abin da ke tafe, da magungunan da za a guje wa, da abin da za a faɗa miki game da haihuwa ta gaba.

Kada ki tsayar da maganin jijjiga kwatsam ko da wa ya ce. In ta taso, kwantar da ita ta gefe, kada a sa cokali a baki, kada a ɗura manja ko ruwa. In ta wuce minti biyar, asibiti.

Maman Ilham:
Likita na gode, Allah ya saka da alheri. Wallahi shekara huɗu ba wanda ya taɓa tambaya ta labarin yayanta dalla-dalla. Ni ma ban cika faɗa ba, in na fara sai kuka ya ci ƙarfina.

Sa'adatu B.:
Ni fa gaskiya abin da na gani a nan shi ne illar auren zumunci. Har yaushe za mu ci gaba da haɗa 'ya'yan wa da ƙani muna haifar yara suna wahala? Ya kamata a hana shi kawai.

Alhaji Isa na Kwari:
Yarinya ki iya bakinki. Abin da Allah ya halatta ke ce za ki hana? Sayyidina Ali da Nana Faɗima ba 'yan'uwa ba ne? Ni da uwargidana 'ya'yan wa da ƙanwa ne, 'ya'yanmu tara, ba mai ko ciwon kai. Maƙwabcina bare ya aura, biyu sikila.

Sa'adatu B.:
Baba ban ce haramun ba ne. Amma don naka sun tsira ba shi ke nuna babu haɗari ba.

Dakta Maryama:
Ku duka kuna da wani yanki na gaskiya, bari in sa lissafi a tsakani. Kowane ɗan Adam, ni da ku, yana ɗauke da wasu ƙwayoyin gado masu tangarɗa da ba sa cutar da shi, saboda kowace ƙwaya biyu ce, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, mai lafiyar tana rufa wa ɗayar asiri. Ciwo yana fitowa ne in yaro ya gaji mai tangarɗa iri ɗaya daga ɓangarorin biyu. Daidai yadda AS da AS suke haifar SS. 'Ya'yan wa da ƙani kakansu ɗaya, don haka sun fi bare yiwuwar ɗaukar iri ɗaya. A ƙiyasin da aka yi, a cikin haihuwa 100 tsakanin bare da bare, ana samun 2 zuwa 3 masu wata matsala ta halitta. Tsakanin 'ya'yan wa da ƙani adadin yakan kusa ninkawa. Wato mafi yawan 'ya'yan zumunci lafiyarsu ƙalau, Alhaji bai yi ƙarya ba. Amma gidan da ake ta maimaita zumunci kaka da kakanni, ko gidan da ciwo ya riga ya bayyana, lissafinsu daban ne.

In ya tabbata irin wannan gado ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Kowane ciki sabon lissafi ne, ba wai in ɗaya ya kamu ukun da ke biye sun tsira ba. Kuma a lura, rabi daga uba ne rabi daga uwa. Kiran mace mai wabi zalunci ne tsagwaronsa. Gwajin da ake yi kafin aure, irin wanda Kano ta mayar doka a 2024, ta fuskar gado sikila kawai yake kamawa, ba ya ganin sauran.

Maman Ilham:
Don Allah 'yan'uwa ban kawo maganar nan don a yi wa aurena shari'a ba. Mijina mutumin kirki ne, shi yake goya ta a bayansa ya hau da ita bene a asibiti. Aure an riga an yi, yarinya tana kwance. Abin da zan yi yanzu nake tambaya.

Sa'adatu B.:
Ki yafe ni Anti. Ban yi tunanin yadda maganar za ta sauka a zuciyarki ba.

Admin:
Na goge saƙonni biyu na masu tallar magani da lambar waya. Duk wanda ya ce yana da maganin ciwon da ko sunansa ba a sani ba, a fitar da shi za a yi. Maman Ilham, in an biyo ki ta akwatin sirri kada ki tura wa kowa kuɗi.

Nas Rabi:
Ina so in ƙara wani abu kada hankali ya tafi kan gado kaɗai. Ni 'yar Zamfara ce, ina aiki a ƙasar Anka a 2010 lokacin da yara suka riƙa mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, daga baya Bagega. Amai, jijjiga, suma, sai rasuwa. An ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, ana ba da magani ba ya ci. Mutanen gari wasu suka ce iska. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF ne suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura, aka ɗebi jini aka fitar waje. Gubar dalma ce. Dutsen zinare ake kawowa cikin gida, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin da ake niƙa hatsi, yara na rarrafe a cikin ƙurar. Na'urar gwaji ta hannu iyakarta 65, yara da yawa sai dai ta nuna sun wuce abin da take iya karantawa. Sama da yara 400 suka rasu.

Ciwon da ke bin 'yan gida ɗaya ba lallai jini ba ne, wani lokacin tsakar gidan ce ɗaya, rijiyar ɗaya. Ki gaya wa likita sana'ar maigida, ko ana fasa batir kusa da ku, da irin kwallin da ake sa wa yara, da duk wani jiƙo ko gari da aka taɓa ba ta. Kada ki ji kunyar faɗa, ba wanda bai taɓa bayarwa ba.

Maman Ilham:
Maigidan malamin makaranta ne, ba ma kusa da masu haƙar ma'adinai. Amma tozali kam na sa musu dukansu tun suna jarirai. Zan faɗa.

Bashir (Ingila):
Maman Ilham, ina zaune a Ingila shekara goma sha biyu, ɗana yana da shekara tara, shi ma ba shi da sunan ciwo. Na faɗi haka ne don kada ki ɗauka talauci ko ƙasarmu ce kaɗai ta jawo. A nan har suna suka ba irin yaranmu, SWAN, ma'anarsa ciwon da ba shi da suna, kuma akwai ƙungiyar iyaye da ke ɗauke da sunan.

Cututtukan da ba kasafai ake gani ba sun haura 6,000. A Turai ana sa cuta a wannan layi in ba ta kama fiye da mutum 1 cikin 2,000 ba. Kowace ɗaya 'yan tsiraru take kamawa, amma in aka tara su ana maganar mutum wajen miliyan 300 a duniya. Kusan kashi 70 cikin 100 na gado ne, akasari kuma da ƙuruciya suke farawa. A Turai ma, da duk kayan aikinsu, mutum yakan yi kusan shekara biyar kafin a gano nasa. Ranar ƙarshe ta Fabrairu ce ranarsu ta duniya, an fara ta 29 ga Fabrairun 2008, aka zaɓi ranar da sai bayan shekara huɗu take zagayowa.

Akwai babban gwajin gado da ake yi, jini ake ɗiba na yaro da uwa da uba, a karanta ƙwayoyin gado kusan 20,000 a kwatanta. Ingila ta yi wani babban shiri na karanta gadon mutane kusan 85,000, a rukunin farko da aka fitar da sakamakonsu, kusan ɗaya cikin huɗu ne suka samu amsa. Mu muna cikin waɗanda ba su samu ba. An ga wani canji a jinin ɗana, amma suka ce ba su san ko shi ne sanadi ko kuwa abu ne da ya zama ruwan dare a jinin mutanenmu ba. Likitar ta gaya mini ƙarara cewa rumbun da suke kwatantawa da shi galibi jinin Turawa ne, na 'yan Afirka kaɗan ne ƙwarai. Shi ya sa wani farfesa ɗan Kamaru, Ambroise Wonkam, ya yi kira a 2021 a karanta gadon 'yan Afirka miliyan uku.

Duk da haka ban fid da rai ba, domin ana sake duba tsohon sakamako bayan 'yan shekaru, kullum ana gano sababbin cututtuka. Akwai wani malamin kwamfuta a Amurka, Matt Might, da aka ce ɗansa ne na farko da aka sani da wata cuta mai suna NGLY1, yaron yana kuka ba hawaye. A 2012 ya rubuta labarin a intanet, iyaye daga wasu ƙasashe suka gani suka ce ai namu ma haka yake. Da haka ciwon ya tabbata. Shawarata, in da hali a yi gwajin, a yi. Daga Najeriya galibi waje ake tura jinin kuma da tsada, amma ki tambayi likitan ko akwai wani bincike da ake ɗaukar yara kyauta.

'Yar Maraɗi:
Salamu alaikum. Malam Bashir, na ji bayaninka, amma ina da ja. Ɗiyata ta yi shekara takwas a kwance. Mun je Yamai, mun tsallaka Kano, mun sai da gona da shanu biyu. Ba mu samu suna ba har Allah ya karɓi abinsa. Abin da nake nadama yau ba sunan ba ne. Kwanakin da na ɓata a mota da bencin gidan likita nake nadama, tana galabaita, ana ta huda mata hannu har jijiya ta ɓace. Da na sani da na zauna gida na yi ta yi mata wasan ruwa a baho, shi ne abin da take so a duniya. Sauran yaran ma na yi sake da su, babbar har ta bar lakwal don ta riƙa dafa musu.

Kai kana inda gwamnati ke biya. Ita keken ɗinkinta ta sayar. In ta ci bashi ta yi gwajin nan aka ce ba a gani ba, kamar yadda aka ce maka, wa zai biya mata?

Bashir (Ingila):
Allah ya jiƙan ta, ya sa mai ceto ce. Hajiya ba ni da amsar wannan, gaskiya kika faɗa. Ni abin da ya tsaya mini shi ne yaron nan mai lafiya da ke aji huɗu, da ranar da zai tashi aure, da kuma ita kanta in Allah ya sake ba ta ciki.

Dakta Maryama:
Maganar 'Yar Maraɗi ta shige ni, domin mu likitoci muna da wannan laifin, mu bi ciwo mu manta da yaro. Ba sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba, amma akwai na gaba akwai na baya. Kula da ita ba ya jiran suna: a shawo kan jijjiga, a gyara yadda take cin abinci don kada ya riƙa faɗawa huhu, a riƙa juya ta duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya, a je gashin ƙashi don gaɓoɓi kada su ƙage. Ciyarwa a zaune, kai a miƙe, cokali ƙarami, a bar ta a zaune rabin awa bayan ta gama. Bincike kuma a bi shi daki-daki, daga mai araha. Kafin kowane gwaji ki tambayi likita, in sakamakon ya fito kaza me zai canza? In ba abin da zai canza, kina da haƙƙin ki ce a dakata. Babban gwajin kuwa kada a ci bashi a kansa sai ƙwararre ya gan ta ya ce ga abin da yake nema.

Hajiya Talatu:
Ni kuma tun jiya nake tunanin 'yan'uwana biyar ɗin nan da ban gani ba. Iyayena su ma zumunci ne. Inna ta rasu tana ganin laifinta ne, kishiyoyi sun sha yi mata gori. Allah ya jiƙan ki Inna. 'Yata, in surukarki za ta saurari tsohuwa irinta, ki ba ta waya in yi mata magana.

Abu Sumayya:
Wannan shi ne taimako, Hajiya. Kuma maigidan ya kamata ya zauna da mahaifiyarsa da kansa, cikin ladabi, ya gaya mata abin da likita ta ce, cewa rabi daga gare shi ne. Daga bakinsa zai fi shiga.

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Sati uku ke nan, na ce bari in dawo in gaya muku inda aka kwana.

Na sayi littafin. Na je wurin gwaggona, wadda ta fi kowa tsufa a gidanmu, muka kwana muna lissafi. Ashe ƙannen kakanmu biyu sun rasu suna yara, ta ce su ma sun yi tafiya sannan suka zauna. Ba wanda ya taɓa gaya mini. Na rubuta.

An tura mu asibitin koyarwa. Likitan ya karanta littafin shafi-shafi, ya kalli bidiyon sau biyu, ya zana danginmu a takarda da 'yan da'irori da murabba'ai. Ya goge CP daga katin da hannunsa. An gwada dalma, babu. An duba ido, sun ce jijiyar gani ta fara rauni, shi ya sa kwanan nan ba ta bin fitilar waya in na haska. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, ban san ba ta gani na sosai ba. Ya ce yana zargin wani rukuni na cututtukan gado, amma ba zai kira suna ba sai an tabbatar, kuma akwai gwajin ɗigon jini a kan takarda da ya fi babban araha, shi za mu fara. Ya canza mata magani ɗaya, kwana tara ke nan jijjiga sau biyu kawai ta yi. Bai ɓoye mini ba cewa abin da ya tafi da wuya ya dawo.

Babansu ya yi magana da Hajiyarsa. Ba ta ce komai ba, amma shekaranjiya ta aiko da ƙullin gero da ƙwai.

'Yar Maraɗi, na saya mata baho babba. Da na sa ta a ruwan ɗumi ta yi wani sauti da na daɗe ban ji ba.

Yanzu abin da nake nema, masu gashi sun ce a samo mata kujera mai tokare kai da ƙirji don cin abinci. Ta kanti ta fi ƙarfinmu. Ko akwai wanda ya san kafintan da ya taɓa yin irinta?

Sani kafinta:
Hajiya na taɓa yi wa ɗan yayata. Ki ce masu gashin su zana miki a takarda, sannan ki auna daga mazauninta zuwa kafaɗa, daga mazauni zuwa saman kai, faɗin ƙugu, da daga bayan gwiwa zuwa diddige. Ki ba Admin awon ya turo mini. Katako da soso ina da ragowa a shago, ledar rufi kawai za ki saya, ki zaɓi wadda ake gogewa da tsumma saboda kunu.